Lambun Uwargida: Buhu Da Kwando Su Shigo, Robar Magani Ta Tsaya A Waje

  

A farkon watan nan na je Garun Mallam sunan ƙanwata, na kwana uku. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, ranar suna an rasa ɗanyen tumatirin da zai isa miyar taro, sai da aka haɗa da na leda da ragowar kauɗar bara. A Garun Mallam fa! Ƙasar da in rani ya yi, daga Janairu zuwa Maris, za ki ga kwanduna jere a Kwanar Gafan kan hanyar Zariya, manyan motoci na lodi zuwa Legas, wata rana ma a bar shi ya ruɓe don an rasa mai saye. Amma wanda ya san wurin ba zai yi mamaki ba. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bin magudanai ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Mallam, kuma da rani ake ganin ranarsa. Da damina gonakin nan shinkafa da masara ne a ciki. Shi kuwa tumatir ba ya shiri da yawan ruwan sama da laima, furensa kaɗewa yake yi, ganyensa ya kama cuta. Saboda haka matar manomin tumatir ma a watan Agusta da tsada take sayensa kamar ni da ke.

Mutum ɗaya ce a gidan na ga tsadar cefane ba ta dame ta ba, ita ce surukar ƙanwar tawa, wadda kowa ke kira Inna. A bayan madafinta ta jera tsofaffin buhunan taki a kan bulo, kowanne cike da ƙasa. Wannan alayyahu, wancan lalo, ga yakuwa, ga kuɓewa har ta fara 'ya'ya, ga attarugu gindi biyu a cikin wani fasasshen baho. Ta ce da ni rabonta da sayen ganyen miya tun farkon damina. Na ce, “Inna, ai sai ki koya mini, in kai wa mutanena.” Ta yi dariya ta ce ita ba ta san wannan ma abin rubutawa ne ba.

Ga yadda take yi. Buhun taki mai kilo 50 take samu daga 'ya'yanta in sun gama zubawa a gona. Ta cire ledar ciki in da ita, ta wanke buhun sosai, ta shanya. Sai ta naɗe bakinsa waje har tsawonsa ya koma kamar rabi, ta huda gindinsa da gefen ƙasa wuri da yawa da ƙusa. Wannan hudar kada ki yi wasa da ita, domin a marka ruwa ne ke kashe shuka, ba ƙishi ba. Shi ya sa ma take ɗora buhun a kan bulo ko duwatsu, don ruwa ya samu hanyar fita. Ƙasar kuwa haɗi ce: kwano biyu na ƙasa mai kyau, kwano ɗaya na kashin awaki ko tumaki da ya daɗe ya ruɓe, kwano ɗaya na buntun shinkafa. Ɗanyen kashin dabba, musamman na kaji, ƙone saiwa yake yi, sai ki ga tsiro ya yi rawaya ya kwanta ki ce ko baki ne. Buntu kuwa a ƙasar Kura ba sai an nema ba, tsibinsa ne a bakin injinan casar shinkafa. Ba abinci yake ba shuka ba, aikinsa ya sa ƙasa ta yi sako-sako kada ta dunƙule. Inna ta fi son wanda ya ƙone rabi ya yi baƙi, kuma ina ganin tana da gaskiya.

Alayyahu ya fi kowa saurin biyan bashi, cikin mako huɗu kin fara yanka. Ki gauraya irinsa da ɗan yashi kafin ki yafa, don ƙanana ne ƙwarai, in ba haka ba wuri ɗaya za su taru. In za ki ɗiba kada ki tuge, ki yanka ki bar ɗan kututture, zai sake tohowa. Kuɓewa gindi biyu ya ishi buhu ɗaya, kuma wajen wata biyu take fara bayarwa, don haka wadda ta shuka yanzu za ta ci kafin sanyi ya shigo, sai dai ta riƙa ban ruwa in damina ta ɗauke.

Tumatir fa? Ki bari Satumba ta yi nisa, ruwa ya fara ja baya, lokacin da su ma manoman ke shirin renon iri. Ledojin fiya wata da ke yawo a tsakar gida suna toshe mana kwata, ki sa yara su tattaro, ki yanke bakinsu, ki huda gindi, ki cika da haɗin ƙasar nan, ki sa ƙwaya biyu ko uku a kowace. Ki ajiye su a inda rana ke samu amma mamakon ruwa ba ya duka. Bayan kamar mako huɗu sai ki farke ledar ki dasa da ƙasarsa, da yamma, ba da tsakar rana ba. Ɓallallen kwandon tumatir da aka yar ma gida ne mai kyau ga dashe, ki shimfiɗa masa yankin buhu a ciki ki zuba ƙasa. Kaji da awaki kuwa su ne manyan abokan gaba. Inna da tsohon gidan sauron da ya yayyage ta kewaye nata. Na ce tsoho wanda ya gama aiki. Kada wata ta je ta kwance sabo daga kan gadon yara ta lulluɓa wa alayyahu, ta ce ni na ce.

Ba shuka kaɗai buhu ke yi ba. Guda shida ko takwas in kin farke su kin haɗa da babbar allura, kin samu shimfiɗar shanya, kuma ga kaka tafe, za a shanya kuɓewa da barkono da shinkafar da aka turara. Ya fi a zube su a ƙasa ana cin yashi a miya. Zaren da ya warware ana tufka igiyar shanya da shi. Na kuma ga 'yan matan gidan suna naɗe ciyawar faifai da zaren buhu mai launi, suka fitar da murfin kwano da ni kaina sai da na roƙi ɗaya. Buhu ɗaya ne ban yarda ya taɓa abinci ba, wanda aka zubo irin shuka mai magani a ciki, irin nan da za ki ga an rine shi ja ko shuɗi.

Duk gwangwani ko baho ko tsohuwar taya da kika tanada don shuka, ki kife shi har ranar da za ki cika shi da ƙasa. Ruwan da ya kwanta mako guda zuwa kwana 10 ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar mana da yara.

To, yanzu ga abin da ya sa na ce lallai wannan watan sai na yi maganar nan. Duk son Inna da adana tarkace, akwai abu ɗaya da ba ya tsallake zaurenta, wato robar maganin feshi. A ƙasar noma irin wannan robobin nan ko'ina suke, na kashe ciyawa da na kashe ƙwari, masu lita ɗaya, ga kauri ga murfi mai kyau. Wallahi in kin gan su sai ranki ya biya. Shi ya sa za ki ga an ɗauraye an zuba man gyaɗa, ko an ɗura wa yaro koko ya kai gona, ko an mai da ita buta. Inna ta ba ni labarin wata shekara da jikanta ya sha ruwa a irin wannan roba a bakin gona, aka kawo shi yana amai, yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi. Allah ya sa da sauran kwana, aka yi saurin kai shi asibiti. Tun ranar ta kafa doka, kuma ko 'ya'yanta maza ba sa ƙetare ta.

Uwargida, roba tana shan magani a jikinta, sabulu da ruwan zafi ba sa fitar da shi duka, ko da hancinki bai ji wari ba. Abin da masana aikin gona ke koyarwa shi ne, da maganin ya ƙare a ɗauraye robar sau 3 tun a gona, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, ba cikin magudanar ruwa ba, sannan a huda ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita. Wannan aikin maigida ne, amma ke za ki tuna masa, cikin lalama, lokacin da ya huta ya ci abinci. Kayan da ya yi feshi da su kuma a wanke su daban, kada a haɗa da na yara. Ko tukunyar shuka ban yarda a yi da robar nan ba, tunda abin da ya fito ciki tukunyar miya za shi. Lambunki na gida ma bai bukatar irin wannan magani. Ki jiƙa ganyen darbejiya da aka daka ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma, ki barbaɗa toka, tsutsar da kika gani ki cire da hannu, sannan ki wanke ganye sosai kafin ki dafa.

In kuwa tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, yaro ya sha ko ya zuba a jikinsa, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara kamar yadda muka saba. Ki cire masa kayan da suka jiƙe, ki wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a nufi asibiti nan take ko da kin ga kamar ya warware. Ki ɗauki robar a leda ki tafi da ita, domin sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita irin maganin da zai ba shi.

Na dawo gida da buhu huɗu da ƙullin irin lalo da Inna ta ba ni, na kuma jera su a gindin katanga. Biyu sun fito, ɗaya akuyar maƙwabta ta riga ni. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar busar da kuɓewa da zogale yadda ba za su yi fumfuna ba. A gaida maigida da yara.