Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama (NCAA): A Tara Matuƙan Ƙananan Jirage Kafin Hunturu

Ranka ya daɗe,

Manyan jiragen fasinja na Legas zuwa Kano suna da masu sa musu ido, in suka makara da awa biyu ma sai duniya ta ji. Maganata kan ƙananan ce: jiragen shata, na attajirai da gwamnoni, masu saukar ungulu da ke jigilar ma'aikatan mai, da na koyon tuƙi irin na kwalejin Zariya. A irin waɗannan ne matuƙi kan yanke shawarar tashi ko fasawa shi kaɗai, ga kuma mai jirgi na duba agogo a bayansa.

Ranar 25 ga Oktoba 2012, jirgi ƙirar Cessna 208 ya faɗi kusa da Yola, Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ne ke tuƙi. Binciken AIB, hukumar da ke bin diddigin haɗurran jiragen sama a lokacin, ya nuna ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgi, ba a horar da shi tuƙi da na'urori zalla ba, kuma ya ci gaba da tafiyar da ake dogara da ido bayan rana ta faɗi. Ya yi ta jinya har Allah Ya karɓi abinSa a 2017. A Fabrairun 2019 kuma, mai saukar ungulu da ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kife a Kabba, saboda ƙurar da farfelarsa ta tayar ta rufe wa matuƙan ƙasa suna dab da sauka. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ko attajirin nan Herbert Wigwe da ya rasu a haɗarin jirgi a Kalifoniya a Fabrairun 2024, masu binciken Amurka sun ce matuƙinsa ya kutsa cikin mummunan yanayi yana dogara da ido, har kansa ya juya.

Ka fi ni sanin yadda wannan juyewar kai take. Da zarar ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, abin da ke cikin kunne mai daidaita tsayuwar mutum sai ya fara yi masa ƙarya. Jirgi na karkata, jiki na rantsuwa a miƙe ake. Wani gwaji da Jami'ar Illinois ta yi a 1954 kan matuƙa 20 marasa horon na'ura ya nuna dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. To mu kuma duk shekara daga Nuwamba zuwa Maris hazo ke sauko mana, rana ta koma kamar farin faifai, wanda ke tsaye a filin jirgin Malam Aminu Kano ba ya hango ƙarshen titin tashi.

Rahotannin haɗurran da suka faru a ƙasarmu duk an rubuta su, hukumar NSIB da ta gaji AIB tana wallafa su. Amma wa ke karantawa? Matashin da ya karɓi lasisi bara, yana fafutukar tara awanni, ba zai zauna da shafi tamanin na Turancin injiniyoyi ba.

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA tana da rundunar wayar da kai da ake kira FAASTeam, mafi yawansu tsofaffin matuƙa ne 'yan sa-kai, suna bi ƙananan filayen jirgi suna taro kyauta. Wanda ya kammala mataki guda a shirinsu na WINGS, ya wadatar masa da gwajin da doka ta ɗora masa duk wata 24. Tun 1976 kuma NASA ke karɓar rahoton matuƙin da ya yi kuskure ya tsallake rijiya da baya, ta goge sunansa, ta yaɗa darasin. A wurinmu, wanda ya faɗi kuskurensa tsoron rasa aiki yake yi, don haka sai ya yi gum, na bayansa ya maimaita.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk Oktoba hukumarka ta kira taro a Zariya da Abuja da Fatakwal da Legas. Masu binciken NSIB su zo da kansu su warware haɗari biyu ko uku, daga lokacin da aka sha mai har zuwa minti na ƙarshe, a raba taƙaitawa mai shafi biyu. A sa halartar taron cikin abin da ake dubawa wajen sabunta lasisi, don kada a mayar da shi zaman shan shayi da karɓar alawus.

A gayyaci masu jiragen ma, da jami'an da ke tsara tafiyar gwamnoni. Su ne ke cewa "Oga na da taro ƙarfe shida, sai an tashi." Su ji daga bakin hukuma cewa in matuƙi ya ce yau ba tashi, doka na bayansa, kuma duk kamfanin da ya sallame shi kan haka zai amsa tambaya a ofishinka.

Wassalam.