Laifin Talaka Ba Ya Wanke Mai Mota

Ranar 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur ta kife a Majiya, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, wuta ta cinye fiye da mutum 150. Nan da nan manya suka ce laifin masu kwasar mai ne. Mun yarda kwasar mai ganganci ne. Amma wa ya kifar da motar?

Jama'a, ku san wannan. A Ingila dā, wanda aka ji wa rauni in yana da laifi ko kaɗan, ba ya samun ko anini. A 1945 aka soke wannan zalunci, dokokin Nijeriya kuma suka bi sahu. Yanzu alƙali yakan auna laifin kowa, ya rage diyya gwargwado. In hasararka Naira 100,000 ce, laifinka kashi ɗaya cikin huɗu, 75,000 haƙƙinka ne.

Saboda haka, ya ku 'yan kasuwar Baturiya masu kai kifi Haɗeja, ku bar hawa saman kaya, don yana rage muku diyya. In hatsari ya auku, ku riƙe lambar mota da shaidu da takardar asibiti. Haƙƙi sai da nema.