Salatif ba soket ba ne: a daina haɗa wutar tirela da ka

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna da dare ya san wannan tashin hankali: kana tafe, sai kawai ka ga duhun ƙarfe a gabanka, babu fitilar baya, babu ta birki. Sau da yawa ba ƙwai ne ya mutu ba, haɗin wayar da ke tsakanin mota da tirelar da take ja ne aka yi wa aikin gaggawa.

Ra'ayina shi ne, mu daina yarda mai rewaya ya feɗe waya, ya murɗa, ya naɗe da salatif. Wannan haɗin yana da ƙa'ida.

Motocinmu na tokumbo daga Turai da Amurka suke zuwa, kuma tsarinsu ba ɗaya ba ne. Soket ɗin Turai mai fil 7, na volt 12, ya ware wa kowane aiki wayarsa: rawaya siginar hagu, kore siginar dama, ja birki, ruwan ƙasa da baƙa fitilun baya, shuɗiya fitilar hazo, fara kuma ita ke mayar da wuta jikin mota. Mai fil 13 ya ƙara da fitilar ribas. Na Amurka mai fil 4 kuwa ba shi da wayar birki ta daban, birki da sigina waya ɗaya suke bi a kowane ɓangare. Wanda ya haɗa su ta bin launi kawai zai iya barin tirela babu wutar birki. Ana buƙatar ƙaramar na'urar da ke daidaita tsarin biyu. Manyan motocin Turai kuma volt 24 suke amfani da shi, ƙwan volt 12 ba zai jure ba.

Akwai kuma batun motocin zamani, inda kwamfuta ke lura da wutar da kowane ƙwai ke ja. In aka ɗora mata nauyin fitilun tirela kai tsaye, za ta iya kunna alamar matsala, ko ta yanke layin, ko ma ta ƙone. Maganin shi ne akwatin rile mai jan wuta daga batir ta fiyus ɗinsa.

Wani zai ce soket da rile kuɗi ne, salatif kuwa araha. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Damina ɗaya ta isa ruwa ya shiga, tsatsa ta ci haɗin. In ka ga sigina na sa fitilar baya ƙiftawa, fara duba farar wayar nan.

Kafin ka tashi, sa wani ya tsaya a baya. Taka birki, kunna sigina hagu da dama, kunna fitila. Minti biyu ne, amma ran wanda ke bayanka ya dogara da su.