Gargaɗi ga Masu Gida a kan Yayen Yaro

Ina so in yi magana a kan wata mas'ala wadda mu maza muka sakar wa mata, alhali kuwa a wuyanmu shari'a ta rataya ta, watau yayen yaro da abin da za a zuba masa a ƙoƙo bayan an cire shi daga nono.

Abin da ya tayar da maganar, a daminar da ta wuce wata tsohuwa ta zo zaurena da jikanta a goye tana neman rubutu, wai mayu sun kama shi. Shekararsa ɗaya da wata huɗu. Na ce ta sauko da shi. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, kumatunsa sun cika kamar na mai ƙiba, amma damtsensa kamar sillen kara. Na danna babban yatsana a bisa ƙafarsa na ɗauke, gurbin ya zauna bai ciko ba. Da na tambaya, sai ta ce uwar ce ta yi kwanika, aka cire shi rana ɗaya aka kawo mata, tun daga ran nan kuwa ba ya shan kome sai koko, shi ma tsinkakke kamar ruwan wanke ƙwarya. Uban kuwa na san shi, mai rumfa ne a kasuwa, ba matalauci ba. Na yi wa yaron addu'a, na ce mata kada rana ta faɗi ba ta kai shi asibiti ba. Allah ya sa ta ji, ga shi yanzu yana tafiya da ƙafarsa.

Ban faɗi wannan don in yabi kaina ba. Shekaru ashirin da suka wuce an kawo mini irinsa, na rubuta allo na wanke na bayar, ban tambayi abin da yaron ya ke ci ba, bayan kwana goma na yi masa salla. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka ne, amma tambayar da ban yi ba ta tsaya mini a rai har yau.

To, ku duba aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. A nan aka ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya ke son cika shayarwa, a nan aka ɗora wa uba ciyar da uwa da tufatar da ita gwargwadon hali, a nan kuma aka nuna cewa yaye kafin lokaci ya kan kasance da yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Shawara fa, malam. Ina shawara ga mutumin da sai ya komo daga kasuwa ya ke jin labarin an kai ɗansa gidan kaka? Wani ma har ya ji daɗi, don kukan dare ya ƙare.

Hujjar da a kan kawo ita ce nonon mai ciki dafi ne, in yaro ya sha ciki zai lalace. Mai karatun Muwaɗɗa ya san hadisin gila, wanda a cikinsa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi nufin hani, sa'an nan ya bari domin ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cuci 'ya'yansu ba. Imamu Malik ya fassara gila da saduwa da mai shayarwa, waɗansu malaman lugga suka ce shayarwar mai ciki ce. Likitoci kuma sun ce mace mai lafiya tana iya ci gaba da ba da nono da ciki, sai fa in ungozomar asibiti ta ga wani haɗari ta hana, abin da ta ke bukata kawai a ƙara mata abinci. Ashe abin da ya ke kayar da yaron cirewar nan ce ta farat ɗaya, da rabuwa da uwa, da kokon da ba kome a cikinsa.

Masu zuwa sarin goro ƙasar Gana za su gane wannan. A Ankara wata likita Baturiya, Cicely Williams, ta yi bayanin ciwon nan na kumburi a 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga su ke kiransa, watau kwashiyoko, ma'anarsa ciwon da yaro ya kan kamu da shi in an yi masa ƙane. Mu muna cewa tamowa. Ko'ina a ke, yaron da aka ture daga cinya shi ya kan kamu.

Wani abin kunya kuma, maganin nan da a ke ba irin waɗannan yara a asibiti cikin 'yar leda, wanda aka fito da shi a Faransa a 1996, aka ceci dubban yara da shi a ƙasar Maraɗi da Damagaram lokacin yunwar 2005, ba wani abu ba ne illa niƙaƙƙiyar gyaɗa da madarar gari da mai da sukari, da sinadaran gina jiki da aka ƙara. Gyaɗa fa! Mu da kakanninmu suka tara dalar gyaɗa a Kano zamanin su Alhassan Ɗantata, jirgin ƙasa yana kwasa zuwa Ikko, mu ne yau sai yaro ya kumbura a ke miƙo mana ita da sunan magani.

Ga yadda a ke yi a gidana, ba don na fi kowa sani ba. Wata shida na fari nono kaɗai, ba ruwa ba koko, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2001, domin nono da ruwansa a ciki, ruwan randa kuwa ya kan jawo zawo. Daga wata shida sai a fara kunu, nono kuma yana nan ba a daina ba. A kan auna gero mudu uku, waken suya mudu ɗaya, gyaɗa mudu ɗaya. A tsince gyaɗar sarai, duk wadda ta yi fumfuna a zubar, kada a yi mata rowa, dafi gare ta. A soya kowanne dabam, a sussuke ɓawon wake da na gyaɗa, a haɗa a kai inji, a tankaɗe. In za a dama, a dafa shi ya nuna, ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da sauri ba, a ɗiga manja ko man gyaɗa. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da ruwa ba sauran wurin abinci. Sau biyu ko uku a yini da fari, daga wata tara sau uku ko huɗu. Ran da aka yi miyar zogale ko ta kabewa ko faten wake a murƙushe masa, in da busasshen kifi a cire ƙaya a daka a zuba. Zuma kuwa, duk da falalarta, a dakata sai ya cika shekara, likitoci sun ce akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya mata.

Waɗansu suna hana yaro ƙwai, wai zai koyi sata. Na nemi asalin wannan a littattafan da na karanta ban gani ba, na ga dai ƙwan yana ƙarewa a teburin mai shayi, uban yaron yana zaune a kan benci ana soya masa uku. Haka nan a ba shi ƙoƙonsa dabam, a zauna da shi har ya ƙoshi, don in aka haɗa ɗan shekara ɗaya da yayyensa a akushi guda, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

Ya kai mai rumfa, mudun waken suya da na gyaɗa ba su kai abin da ka kan kashe a tsire da goro cikin mako ba. In ka ba da cefane, ware na kunun yaro ka ambace shi da sunansa, in ka komo da dare ka tambaya me ya ci yau, sau nawa.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, mu a ke fara kawo wa yaro kafin a kai shi ko'ina. Jaririn da bai kai wata shida ba a yi masa addu'a a tofa, kamar yadda Annabi ya kan nema wa Hasan da Husaini tsari da baki, ba sai an ɗura masa ruwan allo ba. Wanda aka yaye kuwa, kafin ku ɗauki alƙalami ku ce a sauko da shi, ku duba gashinsa, ku danna ƙafarsa. In gurbin yatsa ya zauna, ku aika a kira uban daga kasuwa a ranar nan, shi da kansa ya kai shi asibiti.