Zauren Iyali: Katin Wasa da Cinikin Abin da ke Ƙunshe



Tun bayan da Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya zura ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022, ba yaron da ba ya son mallakar hotonsa. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai a yanzu wasu samarinmu na Nima da Maamobi sun fara kallon katin 'yan ƙwallo da na Pokémon a matsayin jari, har wani ya roƙi yayansa da ke Ingila ya aiko masa da ƙunshin kati a maimakon takalmin makaranta.

Abin da ke ruɗarsu labari ne na gaskiya. A shekarar 2021 wani Ba'amurke, Logan Paul, ya mallaki katin Pokémon guda ɗaya a kan dala miliyan 5 da dubu 275. Abin da bidiyon waya ba ya faɗa shi ne, katin nan ba a taɓa sayar da shi a kanti ba. Kyauta ce da aka bai wa waɗanda suka ci gasar zane a Japan a 1998, kuma duk duniya bai wuce guda arba'in da 'yan kai ba. Shi kuwa katin kanti, zuwa 2024 kamfanin ya buga fiye da biliyan 60. Ina tsada ga abin da ya fi yashi yawa?

To, ina hukuncin shari'a? A nan dole mu rarrabe ciniki biyu. Idan mutum ya ga kati da idonsa, ya san ko na wane ne, aka yi tayi aka sallama, wannan ciniki ne sananne. Amma ƙunshin da aka liƙe, wanda ake biya ba a san abin da ke ciki ba, ana fatan a dace da mai tsada a sayar, ya yi kama da abin da malamai ke kira garari, wanda Annabi (SAW) ya hana. Duk wanda ya karanta Risala a gaban malam zai tuna misalan da aka ba mu: sayar da kifin da ke cikin kogi, da ɗan da ke cikin cikin dabba. Kamanni da caca na daga cikin dalilan da suka sa malaman Saudiyya suka haramta Pokémon a 2001. Akwai masu sassauci idan nufin wasa ne kawai, kuma kuɗin kaɗan ne. Mu dai muna ganin da zarar niyyar riba ta shigo, sassaucin ya ƙare.

Lissafi ma bai goyi bayan mai saye ba. Kundin Panini na gasar 2018 yana da gurbi 682. Wani malamin lissafi a Jami'ar Cardiff, Paul Harper, ya ƙiyasta cewa mai cika shi shi kaɗai, ba tare da musaya ba, zai kashe kusan fam 770, domin hoto ɗaya zai yi ta maimaituwa a hannunsa.

Ko da yaro ya dace da kati mai daraja, wa zai saya? Manyan masu saye ba sa ɗaga farashi sai wani kamfani irin PSA na Amurka ya duba katin ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, a kan kuɗi, ban da na aikawa. Katin da ya kwana a aljihun wando cikin zufar Ankara ya riga ya faɗi wannan jarrabawa. Ga kuma na jabu, wanda ido bai cika rabewa ba.

Shawararmu: idan yaro na son Kudus, a saya masa katin Kudus a bayyane, a kan farashin da aka sani, ya yi musaya da abokansa ido na ganin ido. Idan kuwa ya ce jari yake nema, a tambaye shi sunan mutum ɗaya a unguwa da zai saya a hannunsa, da sidi nawa.