Bas mai lantarki: a sayo shasi, a ƙera bodi a gida

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe albashin ma'aikaci da ribar ƙaramin ɗan kasuwa, shi ya sa jihohi suka fara waiwayar bas mai aiki da batir. Legas ta yi gwaji da motocin kamfanin Yutong, Borno kuma ta zuba tasi masu lantarki a titunan Maiduguri a ƙarshen 2023. Niyyar ta yi kyau, amma salon sayen na buƙatar gyara. Maimakon a yi odar bas sukutum daga Sin, har da kujeru da gilasai, gara a sayo shasi kaɗai, a bar wa masu sana'armu ƙera bodi.

Shasi shi ne ƙashin bayan mota: firam, tayoyi, birki, sitiyari, sai batir da injin lantarki da na'urar da ke sarrafa su. Nan fasahar mai wuya take, kuma ba mu kai ga yin ta ba tukuna. Bodi kuwa aikin ƙarfe ne da walda da fenti da ɗinkin kujeru, wanda ba baƙonmu ba ne. Motocin bodin katako da suka yi shekaru suna jigilar gyaɗa da goro, shasi aka shigo da su, kafintocinmu suka ɗora musu jiki. Haka Burazil ta gina masana'antarta: Mercedes-Benz da Volvo da Scania na yin shasi, kamfanonin gida irin su Marcopolo na yin bodi, har muka zama masu sayen motocinsu. Yanzu kuma waɗannan manyan kamfanoni na sayar da shasin lantarki tsirara, kamar BZR na Volvo da aka fitar a 2024 don zirga-zirgar cikin gari da ta tsakanin garuruwa. Duk bodin da aka ƙera a Kano ko Kaduna, dala ce ta tsira, aiki ne ya samu.

Za a ce ina wutar cajin, a ƙasar da yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024? Tambayar na da nauyi, ita ce ma ke nuna inda ya kamata a fara. Bas ɗin cikin gari hanyarsa sananniya ce, wurin kwanansa ɗaya ne, don haka gareji guda mai faifan sola da batiran ajiya, ko mai layinsa na musamman, zai ɗauki nauyin motoci da dama. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya hakan. Yawan tsayawa ma riba ne, domin taka birki na mayar da wuta cikin batir. Dakar ta nuna haka a 2024, da ta buɗe layin bas mai lantarki zalla na kimanin kilomita 18. Doguwar tafiya daban ce. Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, ga zafin da ke sa na'urar sanyaya mota zuƙe batir, ga batir mai nauyi da ke rage fasinja. Wannan sai an kafa tashoshin caji a hanya. Kafin nan Kano zuwa Zariya ta isa gwaji.

Wasu kuma za su ce walda ta bakin titi ba za ta riƙe ran mutum hamsin a kan batirin da ka iya kamawa da wuta ba. Gaskiyarsu, domin bodin bas mai lantarki sai ya yi sauƙin nauyi, ya jure kifewa, ya kuma bar wa batir hanyar shan iska. Amma ai masu shasin kansu ba sa miƙa shi sai da zanen ƙa'ida da horar da maƙera, kuma aikin hukumar bunƙasa ƙera motoci (NADDC) da ta ingancin kayayyaki (SON) ne su tantance wanda ya cancanta. Abin tsoron na gaske shi ne bas ɗin da aka sayo a rufe, wanda babu makanikin da ya taɓa ganin cikinsa. Irinsa ne ke cika harabar ma'aikatun sufuri da tayoyi a sace. Wanda ya ɗora bodi da hannunsa ya san inda kowace waya ta bi, ranar da ta tsinke kuma ba sai an jira injiniya daga Sin ba.