Nauyin Da Ke Kan Masu Tseren Mita 100

A watan Agusta na 2024, a birnin Faris na ƙasar Faransa, mutum takwas suka jeru domin tseren ƙarshe na mita 100 a Wasannin Olimfik. Aka harba bindiga, kafin mai kallo ya gyara zama har an gama. Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika suka iso tare, kowannensu a daƙiƙa 9.79, ido bai iya raba su ba sai da alƙalai suka duba hoton na'ura. Nan aka ga Lyles ya riga da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, abin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa. Wanda ya zo na ƙarshe a cikinsu, wani saurayi ɗan Jamaika mai suna Oblique Seville, ba wanda ya kula da shi a wannan dare.

Mun ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da masu karatu, musamman malaman makaranta waɗanda shirya wasannin yara ke hannunsu, domin mutane da yawa sun ɗauki 'yan tseren nan masu girman kai ne da cika baki. Lyles kansa yakan shigo fili yana tsalle yana ihu, kamar ɗan dambe yana kirari. Amma bayan ya ci, shi da kansa ya sanar da duniya cewa yana fama da asma da fargaba da ciwon damuwa. Bayan 'yan kwanaki ya yi tseren mita 200 da cutar korona a jikinsa, ya zo na uku, aka fitar da shi a keken marasa lafiya. A ganinmu, yawancin abin da 'yan kallo ke kira hali, dabara ce da kowannensu ya samo ta ɗaukar tsoro.

Tsoron kuwa yana da dalili. Ɗan ƙwallo in ya yi kuskure yana da sauran minti 90 da abokai 10 da za su rufa masa asiri, mai dogon gudu in ya yi tuntuɓe yana iya cim ma 'yan'uwansa. Mai tseren mita 100 ba shi da ko ɗaya. Shekara huɗu yana shiri, ana auna abincinsa da barcinsa, sa'an nan a yanke masa hukunci cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Daga 2010 aka ƙara tsananta doka: wanda ya riga bindiga sau ɗaya tak, an fitar da shi ke nan. Har ma akwai na'ura a matokarin ƙafa, in ta nuna mutum ya motsa kafin kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ya wuce bayan ƙarar bindiga, sai a ce ya riga malam masallaci, don an ɗauka jikin ɗan Adam ba ya iya amsa ƙara da sauri haka. Watau ana so ya ɗana kansa kamar baka, a kuma hana shi sakin kibiya.

Wannan doka ba ta bar kowa ba. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Barlin a 2009, ya faɗa mata a gasar duniya ta 2011 a Koriya ta Kudu. Ya tashi da wuri, ya tuɓe riga ya fice, abokin horonsa Yohan Blake ya ci. Bolt ɗin nan shi ne wanda duniya ta sani da raha da rawa da wasa da yaran da ke riƙe masa kaya a bakin layi, har ana tsammani bai san fargaba ba. Alhali kuwa ya ba da labari cewa a 2002, yana ɗan shekara 15, sa'ad da zai yi tsere gaban mutanen ƙasarsa a Kingston, ruɗewa ta sa ya sanya takalmansa a juye, na dama a hagu. Ya ci tseren duk da haka. Mu dai muna ganin rahar nan koyonta ya yi, kamar yadda ya koyi tashi.

Sa'an nan ga jiki, wanda ba ya jure irin wannan aiki da daɗewa. Tsokar bayan cinya ita ce abokiyar gabar kowane mai gudu, ita ce kuma ta kayar da Bolt a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017, ya kwanta a kan hanya jama'a suna kallo. Kuɗin mai tsere kuwa mafi yawansa daga kamfanonin takalma yake fitowa, su kuma sunan mai ci suke saye. Ba sabon abu ba ne. Jesse Owens, wanda ya ci zinariya 4 a Barlin a 1936, da ya koma Amurka har tsere da dawakai ya yi don neman abinci.

Daga nan ne jarrabawa mafi girma take shigowa, watau ƙwayoyin ƙara ƙarfi. Ben Johnson na Kanada ya yi 9.79 a Olimfik na 1988, bayan kwana 3 aka ƙwace zinariyarsa. Marion Jones ta Amurka ta amsa laifi a 2007, ta mai da lambobinta 5, ta kuma yi zaman kurkuku saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike. Mu ma abin bai tsallake mu ba: an dakatar da Blessing Okagbare a tsakiyar Olimfik na Tokiyo a 2021, daga baya aka hana ta gasa shekara 11. Ba ma neman wa kowa uzuri, wanda ya sha ya zalunci abokan tserensa. Abin da muke so a lura shi ne laifin waɗannan ya hau kan masu gaskiya ma. Dole manyan 'yan tsere su riƙa bayyana inda za a same su na sa'a ɗaya a kowace rana ta Allah, domin masu gwaji su zo ba sanarwa, kuma wanda ya saɓa sau 3 cikin wata 12 ya shiga hukunci ko da ba a sami kome a jininsa ba. Bolt ma ya rasa zinariya ɗaya ta 2008 saboda abin da aka samu a jikin abokinsa na tseren miƙa sanda, Nesta Carter.

Ban da wannan duka, mutane ne masu iyaye. Sha'Carri Richardson ta Amurka ta ji mutuwar mahaifiyarta daga bakin ɗan jarida a 2021, ta sha tabar wiwi, aka dakatar da ita wata ɗaya, Olimfik ya wuce ta. Letsile Tebogo na Botswana ya rasa tasa mahaifiyar a watan Mayu na 2024, a Agusta ya ci mita 200 a Faris, ya ɗaga takalminsa mai ɗauke da ranar haihuwarta. Rashi iri ɗaya ne, kowa da yadda ya ɗauke shi, ita ma kuwa ta dawo ta ci gasar duniya a 2023.

Malamai su lura da inda waɗannan mutane suke fitowa. Jamaika ƙaramin tsibiri ne, mutanensa ba su kai miliyan 3 ba, amma tun 1910 suke da gasar makarantun sakandare ta kowace shekara, wadda ke cika babban filin wasa na Kingston. Yaro ya saba da ihun dubban mutane tun yana makaranta, ya saba da ci, ya saba da faɗuwa gaban jama'a, gobe kuma ya koma aji. Daga wannan gasa Seville ya fito, wanda muka bari a baya. Ya zo na huɗu a gasar duniya ta 2022, ya sāke zuwa na huɗu a 2023, ya zo na ƙarshe a Faris, har aka fara cewa ba shi da zuciyar babbar rana. Mai horar da shi, Glen Mills, wanda shi ne ya horar da Bolt, bai sake shi ba. A watan Satumba na 2025, a Tokiyo, ya ci gasar duniya a daƙiƙa 9.77, Thompson na biyu, Lyles na uku, Bolt yana cikin 'yan kallo.